Taswira ta ce gidana yana yankin ambaliya, alhali ruwa bai taɓa shigo mana ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 18 ke nan ina zaune a gidana, ruwan ambaliya bai taɓa taɓa ko dakalin ƙofa ba. Da na je neman izinin ƙara ɗakuna biyu, sai hukumar tsara gari ta ce sabuwar taswirar ambaliya ta saka unguwarmu cikin yankin haɗari, ba za su sa hannu ba sai na cika wasu sharuɗɗa. Shin taswira tana iya hana mutum gini a filinsa? Kuma ta yaya zan nuna musu sun yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da hujjar da ka fi dogaro da ita, wato shekara 18 ɗin nan, domin a gaban masu taswira ita ce mafi rauni.

Ba tarihin inda ruwa ya taɓa ci kaɗai ake zanawa ba. Injiniyoyi suna ɗaukar bayanan ruwan sama da na tashin kogi, su auna tudu da kwarin ƙasa, yanzu ma galibi daga jirgin sama da na'urar da ke harba haske ƙasa, sannan kwamfuta ta lissafa inda ruwa zai kwanta in kogi ya cika ya batse. Ma'aunin da ƙasashe da yawa suke bi shi ne ambaliyar da yiwuwar aukuwarta kashi 1 cikin 100 ne a kowace shekara. Ana yi mata laƙabi da ambaliyar shekara 100, kuma wannan suna ya ruɗi mutane ba kaɗan ba. Ba wai tana jiran shekara 100 ta cika ba ne, tana iya zuwa bana ta kuma dawo baɗi. In ka buga lissafin, gidan da ke cikin wannan yanki yana da damar kusan kashi 83 na ya yi shekara 18 bai ga ruwa ba. To ka ga abin da ya faru da kai ba abin mamaki ba ne. Amma a shekara 30, yiwuwar ruwan ya zo aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26.

Ga kuma wani abu: ƙasar da ke saman unguwarku ba yadda ka same ta take ba. Duk gonar da ta zama gidaje da kwalta ta daina shan ruwa, sai ta turo shi gangare da sauri. Shi ya sa sabuwar taswira takan haɗiye unguwannin da tsohuwa ta bari a waje.

Ita taswirar ba ta hana gini da kanta. Dokar gari ce take ɗaukar ta ta rataya mata sharuɗɗa, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya ka yi tambaya da kyau, domin yankin ambaliya ba iri ɗaya ba ne. Akwai ainihin hanyar ruwa, tsakiyar fadama inda igiyar ruwa take gudu da ƙarfi. Nan kam doka takan tsananta, saboda duk katangar da ka gina ko cikon ƙasar da ka zuba, ruwan da ka kora gidan maƙwabcinka zai shiga. Sai kuma gefen fadama, inda ruwa yake malala ya kwanta. A nan yawanci ana barin gini, sai dai a ce ka ɗaga daɓen ɗaki ya wuce tsayin da aka lissafa ruwa zai kai, sau da yawa har da ɗan ƙari a kai, a kuma ɗaga mitar wuta da soket daga ƙasa.

Tsarin Amurka ya fi fito da yadda abin yake taɓa aljihu. Tun 1968 suke da shirin inshorar ambaliya na ƙasa, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasar, wato FEMA, ce ke fitar da taswirorin, kuma dokar 1973 ta wajabta sayen inshorar ga wanda ya ci bashin gida mai goyon bayan gwamnatin tarayya a yankin haɗari. Suna da wata ƙa'ida da ta shafi irin halin da kake ciki: tsohon gida yana nan yadda yake, ba wanda zai ce a rushe, amma in kuɗin gyara ko ƙarin gini ya kai rabin darajar ginin, sai dukan gidan ya bi sabuwar doka. A Ingila kuwa yankuna uku suka kasa ƙasar, kuma taswirar da ake bi wajen ba da izini ba ta lissafa shingayen kare ambaliya, tun da shinge yana iya ɓallewa. Dokar garinku tana iya bambanta, saboda haka ka nemi a nuna maka sashen da aka kafa hujja da shi a rubuce.

Batun kuskure kuma, eh, taswira tana kuskure, musamman a bakin layi, inda ɗan tudun da gida yake kai bai fito a awon sama ba. Amma ba da rantsuwa ko shaidar dattawan unguwa ake gyara ta ba. Ka ɗauko safiyo mai lasisi ya auna tsayin ƙasar da ke jikin ginin da na daɓenka, a kwatanta da tsayin ruwan da hukuma ta rubuta wa wurin. In ƙasarka ta fi tsayi, ka shigar da takardar neman gyara tare da awon. In kuma ta gaza, Malam, shawarata kada ka ɓata kuɗi a jayayya. Ka tambayi santimita nawa suke so a ɗaga, ka ba mai zanen gini ya sake zanen ɗakunan a kan wannan tsayin, ka kuma tabbatar ƙarin bai tsallake iyakar da za ta jawo tsohon ginin cikin sabuwar doka ba kafin a haƙa fandisho.