Kamfani ya biya kuɗin makaranta: nawa ya rage na rangwamen haraji?

Ka ce, Malam, wata ma'aikaciya ta kawo takardunta na harajin Amurka: kuɗin makarantarta dala 9,000, kamfaninta ya ba da 7,000, ita ta cika 2,000. Kana tambaya wanne za ka ɗora a fom 8863 don neman rangwamen karatu, 9,000 ko 2,000. To, ɗana, ko ɗaya ba daidai ba ne. Jawo kujera.

Sashe na 127 na dokar haraji ya yarda kamfani ya biya wa ma'aikaci kuɗin karatu har dala 5,250 a shekara ba tare da an lissafa shi a albashi ba, muddin kamfanin yana da rubutaccen tsari na hakan. Tun 1986 adadin yake nan, kuɗin makaranta kuwa sun ninka sun sake ninkawa, shi ya sa ake yawan wuce shi. Ya haɗa da kuɗin makaranta da littattafai da kayan karatu. Abinci da masauki da kuɗin mota ba sa ciki. Abin da ya haura 5,250 albashi ne, ana zuba shi a gida na 1 na W-2, takardar albashin shekara da kamfani ke ba ma'aikaci. A wurin wannan baiwar Allah, 1,750 ke nan.

Ga inda aikin yake. Hukumar harajin Amurka, IRS, ba ta yarda da cin tudu biyu ba: dalar da ta tsallake haraji sau ɗaya ba za ta dawo ta nemi rangwame ba. Saboda haka 5,250 ta fita daga lissafi. Ita kuwa 1,750, tunda an cire mata haraji kamar sauran albashi, ta zama kuɗin aljihunta. Haɗa ta da 2,000 ɗin da ta biya, ka samu 3,750. Wannan za ka ɗora.

Sai zaɓen rangwame, iri biyu ne, kuma ɗalibi ɗaya ba ya cin biyun a shekara ɗaya. Na American Opportunity na shekaru huɗu ne na farkon karatun gaba da sakandare, ga mai neman digiri ko shaidar karatu da ke ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi. Yana ba da 2,000 ta farko cif, sannan kashi 25 cikin ɗari na 2,000 ta biyu, iyakarsa 2,500. A nan: 2,000, da rubu'in 1,750, jimilla 2,437.50. Kashi 40 cikin ɗari na wannan ana iya mayar mata a hannu ko da ba a bin ta haraji. In kuwa digiri na biyu take yi, ko kwas ɗaya na ƙarin ƙwarewa, sai na Lifetime Learning, kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da bai wuce 10,000 ba: dala 750. Da ka ɗora 9,000, da ka nemar mata 1,800, ranar da wasiƙar IRS ta iso ta amayar da rarar, da kuɗin ruwa a kai. Da ka ɗora 2,000, da 400 ta samu, ka cuce ta ba ta sani ba.

Kada ka jingina da takardar 1098-T da makaranta ke aikowa. Gida na 1 yana nuna abin da makarantar ta karɓa, ba ruwanta da aljihun da ya fito. In ma'aikaciyar ce kamfani ya mayar wa kuɗinta bayan ta nuna sakamakon jarrabawa, makaranta ba ta ma san an yi ba, gida na 5, inda ake rubuta tallafin karatu, zai zo wayam. Ka nemi takardar albashinta ta ƙarshen Disamba, ko wasiƙa daga ofishin ma'aikata, ka ga da idonka cewa 1,750 ɗin ta shiga W-2.

Don akwai lokacin da ba ta shiga. In karatun na ƙara gogewa ne a aikin da take kai yanzu, ba na buɗe mata sabuwar sana'a ba, kamfani na iya fitar da rarar daga haraji ƙarƙashin sashe na 132. Akawun da ya yi kwas kan sabbin ƙa'idojin akanta ya cancanta. Wanda ya tafi karatun lauya bai cancanta ba, ko da kamfanin ne ya tura shi. In kamfanin ya fitar da rarar ta wannan hanya, duk 7,000 ta fita, 2,000 kaɗai ta rage.

Kafin ka ɓata lokaci da lissafi, duba kuɗin shigarta. Rangwamen biyu suna fara raguwa daga 80,000, su ƙare a 90,000 ga mutum ɗaya. Ga ma'auratan da suka haɗa takarda, daga 160,000 zuwa 180,000. In ita da mijinta kowa ya cike tasa daban, babu rangwame sam. Ka kuma tambaye ta ko akwai kuɗin zangon bara da kamfanin zai mayar mata a watan Janairu, don in ya shigo bayan an karɓi rangwame a kansa, sai an sake lissafi an mayar da bambancin.