Amsar tambayar Kawu kan harajin gida a Ingila

Kawu, kun tambayi dalilin da ya sa muke biyan harajin gida alhali yawancinmu a nan haya muke yi, kuma kun ce labarin ya tuna muku da haraji da jangalin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a 1979. Kwatancinku ya dace, domin a nan ma daga harajin kai aka taso.

Gwamnatin Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ce ta kawo harajin kan, a Sikotland a 1989, a Ingila kuma a 1990, inda kowane baligi a ƙaramar hukuma ɗaya zai biya kuɗi iri ɗaya, wato mai shara da mai katafaren gida kuɗinsu ɗaya. Mutane da yawa suka ƙi biya, zanga-zangar Landan ta 31 ga Maris 1990 ta rikiɗe zuwa tarzoma, kuma kafin shekarar ta ƙare Thatcher ta sauka. A Afrilun 1993 aka maye gurbinsa da harajin da muke biya yanzu, wanda ya raba gidaje rukuni takwas bisa darajarsu, daga A zuwa H.

Galibi wanda ke zaune a gidan ne ke biya, ba mai gidan ba, kuma wannan shi ne abin farko da muke faɗa wa duk ɗan'uwan da ya iso. A watan Maris takarda ke zuwa ta ƙofa, an kasa kuɗin kashi goma daga Afrilu zuwa Janairu, shi ya sa iyalai da yawa ke jiran Fabrairu su ƙara abin da suke aikawa gida. Mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, gidan da ɗalibai zalla ke ciki kuwa ba ya biya, muddin sun kai shaidar makaranta.

Ina ganin ya fi wancan adalci, amma akwai inda yake ci mini tuwo a ƙwarya. Har yau da farashin gidaje na 1991 ake lissafi a Ingila, kuma gidan rukunin H, komai tsadarsa, ninki uku kawai na rukunin A yake biya, don haka nauyin ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi da ke haya.