Tsakiyar birni, gefen gari ko ƙauye: abin da na gani a duka ukun

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kana da mata da yara biyu ƙanana, kuɗin haya a tsakiyar babban birni ya sha maka kai, kana tunanin ku koma sababbin unguwannin gefen gari, ko ma ku tattara ku nufi ƙauye, amma kana tsoron abin da yaran za su rasa in suka bar wurin da ake cakuɗe da mutane iri-iri. Na yi shekara 11 a cikin birni, na yi 6 a gefe, yanzu ina cikin ta 4 a ƙauye. Gani ya kori ji, bari in ba ka abin da na gani.

Babban abin da birni ya ba ni, ban san darajarsa ba sai da na bar shi: mutanen da ka sani sama-sama. A benen da muka zauna gida 12 ne, kuma na taɓa ƙirga harsuna shida da ake yi a cikinsa. Aikin da ya ɗaga ni a rayuwa ba ta hannun ɗan'uwa ko amini ya zo ba. Wani maƙwabci ne da gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala, wata rana ya ce an buɗe gurbi a wurinsu, ko ina so? Daga baya na ji cewa wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya yi rubutu a kan wannan tun 1973. Abin da ya nuna shi ne labarin aiki ya fi zuwa daga wanda kuke gaisawa jefi-jefi, domin na jikinka abin da ka sani shi ya sani, wuraren da kake shiga nan yake shiga. Birni cike yake da irin waɗannan mutane na nesa-kusa, kuma su ne dukiyarsa ta gaskiya, ba dogayen gine-gine ba.

Sai dai kada alƙaluma su ruɗe ka. A Toronto kusan rabin mazauna an haife su ne a wajen Kanada, a Landan ma ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 40 cikin 100 a wajen Birtaniya aka haife su. Amma cakuɗuwa a takardar ƙidaya daban, cakuɗuwa a rayuwa daban. Kowane babban birni yana da unguwar waɗancan da unguwar waɗannan, kuma na san mutumin da ya shekara 20 a birni bai taɓa shiga ɗakin wanda ba yarensu ɗaya ba. Inda ake haɗuwa da gaske kaɗan ne: makarantar yara, motar haya ko jirgin ƙasa, layin asibiti, wurin aiki. Babbar 'yata tana da shekara biyar ta iya ƙirge da harsuna uku, ba wanda ya koya mata, a filin wasa ta kwaso. To ka tambayi kanka da gaskiya: yaranka suna cikin irin waɗannan wurare, ko daga gida sai mota, daga mota sai gida? In na biyun ne, abin da kake tsoron rasawa ba ka riƙe da shi tun yanzu.

Wahalar birni kuwa ba sai na karanta maka ba, a cikinta kake. Ɗaki kamar akurki, hayaniya har tsakar dare, ga zafi. Zafin nan ba tunaninka ba ne: kwalta da siminti suna shan rana su riƙe, su sake ta da dare. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce birni mai mutum miliyan ɗaya kan ɗara kewayensa zafi da digiri 1 zuwa 3 a ma'aunin Salsiyas, wani daren ma tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Sannan ga fuskar shanun da kowa ke sawa a titi. Da ina ɗauka girman kai ne, sai da na kama kaina ina yi. Wanda zai haɗu da fuska dubu kafin azahar ba zai iya yi wa kowace murmushi ba. Wani dattijo da ke ƙasan benenmu ya tashi, sai da aka yi wata biyu na lura ba ya nan. Har yau abin yana damuna.

Yanzu gefen gari, nan zan fi daɗewa, domin nan ne na yi kuskuren lissafi, kuma na ga nan zuciyarka ta fi karkata.

Da farko, "gefen gari" ba abu ɗaya ba ne. A Amurka, irin unguwar Levittown da aka fara ginawa kusa da New York a 1947, gidaje sama da 17,000 kusan iri ɗaya, ta masu matsakaicin ƙarfi ce da ke gudun cunkoso, kuma a farko fararen fata kaɗai ake sayar wa. A Faris kuwa akasin haka ne, masu hali suna tsakiya, yawancin manyan gidajen marasa ƙarfi da baƙin haure suna kewaye. A biranen da ke faɗaɗa da sauri kuma, gidaje ne ke riga komai isa, titi da ruwa da wuta su biyo baya in sun ga dama. Don haka in wani ya ce maka gefe ya fi, ka tambaye shi wane gefen.

Ni ranar hutu na je duba gidan. Hanya fayau, minti 35 na iso. Ga tsakar gida, ga bishiya, ga kuɗin haya da bai kai na ɗakunanmu biyu na birni ba. A ranar na biya. Litinin ta farko na fita ƙarfe bakwai saura, ban isa ofis ba sai takwas da rabi ta gota. Kusan awa uku kullum, zuwa da dawowa. Ka ɗauki alƙalami: awa 3 sau kwana 5 sau mako 48, awa 720 ke nan a shekara. Kwana 30 cur, dare da rana, ina zaune ina kallon bayan motar wani. Na kama hayar gida mai tsakar gida domin yara, sai ga shi ina fita suna barci, in dawo suna barci. Bishiyar da ta ja ni, ranar hutu kawai nake ganin ta da rana.

Akwai wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, da ya lura a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwa na mota, ɗan Adam kusan awa ɗaya yake ware wa zirga-zirga a rana, kuma girman garuruwa kan bi wannan awa ɗayar. In ka haura ta sosai, wani abu ne a rayuwarka ke biya. Wasu masana tattalin arziki biyu a Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan mutanen Jamus suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu, wato babban gida ko ƙarin albashi ba su cike gurbin ba. Ni ba sai an gaya mini ba, bayana da hawan jinina sun riga sun ba ni labari.

Wadda ta fi shan wuya kuwa uwargida ce, kuma ita ce ban sa a lissafi ba, Allah Ya yafe mini. Mota ɗaya gare mu, ni ke fita da ita. A birni tana sauka ƙasa ta samu kanti, kemis, makaranta, ƙawaye, duk a tafiyar minti goma. A gefe, allura in ta ɓace sai an nemi abin hawa. Da ƙarfe tara na safe unguwar ta zama kufai, ƙofofi a rufe, katanga ta fi mutum tsawo. Zumunci a ƙafa yake, to inda ba a tafiya da ƙafa ina za a haɗu? Ƙarshe muka sayi mota ta biyu, mai da gyaranta suka cinye rarar hayar da muka yi ƙaura dominta.

Game da abin da ka tambaya na cakuɗuwa, a nan ne ta fi ƙaranci, fiye ma da ƙauye ta wata fuskar. Farashin gida shi ke tace mutane. Duk maƙwabtana kusan shekarunmu ɗaya, albashinmu ɗaya, motocinmu ma kamar an haɗa baki. Babu tsoho, babu talaka tilis, babu attajiri. A ƙauye aƙalla yaro zai ga mai shekara 90 da jariri, mai shi da marar shi, a inuwa ɗaya.

Kada in zalunci gefe: barcin da na yi a can ban taɓa yin irinsa a birni ba, yara sun koyi keke ba tare da gabana yana faɗuwa ba, kuma abokina da ya dace da unguwa mai tashar jirgin ƙasa a kusa, minti 25 zuwa aiki, har yau yana can yana yi mini dariya.

Ƙauye kuma, sai da aikina ya koma na kwamfuta daga gida na iya zuwa. Ka riƙe wannan, domin shi ne sharaɗin. A nan an san ka. Lokacin da uwargida ta kwanta mako biyu, ban roƙi kowa ba, amma yara ba su rasa mai kai su makaranta ba ko sau ɗaya. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya faɗi haka tun ƙarni na 14, cewa haɗin kan mutanen karkara ya fi na birni ƙarfi, don ba su da wata madogara sai juna. Amma idon da ke ganin ciwonka shi ke ganin sirrinka. Wa ya zo gidanka, ƙarfe nawa ka dawo, me ya sa ba a gan ka a wurin kaza ba, duk a rubuce yake. Kuma baƙo raɓa ne a wurinsu: shekara huɗu, har yanzu "mutumin birnin nan" ake ce mini, in ana shawarar gari sai an gama nake ji.

Abin da ya fi tsorata ni lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2010, kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke yi musu aiki ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na fahimci ma'anar wannan daren da numfashin autana ya sarƙe, na yi minti 50 ina tuƙi a duhu, uwarsa tana baya tana kiran sunansa. Allah Ya kiyaye, ya warke. Makaranta ma ɗaya ce, in ta yi maka to, in ba ta yi ba haka za ka haƙura. Intanet in ya ɗauke, aikin ranar ya tafi. Daɗin kuwa ba ya ƙirguwa da sauƙi: iska, fili, da sararin sama da dare. Wani bincike na 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama saboda hasken fitilu. Yarana sai a nan suka fara ganin sa, babbar ta tambaye ni ko hayaƙi ne.

Ita ɗin dai yanzu ta fara cewa in ta gama makaranta birni za ta koma, kuma ban ga laifinta ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke a 2018, ana sa ran su kai 68 a 2050. Matasan ƙauyen nan ma kowace shekara raguwa suke.

In ni ne kai, da yara ƙanana, kuma in aikin naka irin wanda sai ka je kullum ne, zan zauna a birni in haƙura da ƙaramin gida, ko in nemi unguwar gefe da ba ta wuce rabin awa ba, wadda ke da motar haya ko jirgi, kuma madam za ta iya zuwa kanti da makaranta da ƙafa. Ƙauye ka bar shi sai abincinka ya daina dogara da zuwa birni. Duk inda ka zaɓa, kada ka saya, ka kama haya tukuna. Ka je ranar Litinin da sassafe ka bi hanyar da kanka, ka sake zuwa da ƙarfe goma na safe ka ga ko akwai mai motsi a layin, ka auna nisan asibitin da ke buɗe da dare. Kuma ka tafi da matarka, ita za ta wuni a wurin.

Ba ka faɗa mana kwana nawa kake zuwa ofis a mako ba, da kuma ko madam tana tuƙi. In ka ba ni waɗannan biyun zan ƙara maka bayani.