Agogon Gudu Ga Yaro Ɗan Tsere: Wanne Za A Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 13, yana gudun mita 1,500 a makarantarsu, kocinsu ma ya ce yaron yana da ƙafa. Ya matsa mini in saya masa agogon GPS irin na manyan 'yan tsere. Na leƙa kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, an baje mini kala-kala, wani kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba, wani kuwa ya fi albashina, kuma kowanne an ce da GPS a ciki. Wanne zan ɗauka? Daga wani uba a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a wannan ƙafa. Na ji daɗin yadda ka tsaya ka tambaya kafin ka zaro kuɗi, domin a kan kalmar GPS ɗin nan ake yi wa iyaye da yawa sakiyar da ba ruwa.

Agogo iri biyu ne ke amsa wannan suna. Akwai mai na'urar GPS a cikinsa, wanda shi da kansa yake kama saƙon taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da mu. In ya kama aƙalla huɗu, sai ya lissafa inda yake, ya riƙa auna nisa da sauri. Ba ya buƙatar layi, ba ya cin data. Akwai kuma wanda aron GPS ɗin waya yake yi, in babu waya a aljihu sai dai ya ƙirga taku ya yi ƙiyasi. Yawancin masu arhar nan da kwalinsu ke ƙyalli, wannan na biyun ne. Yaron da zai zagaya fili a guje kuwa ba zai riƙe waya ba.

Gwajin ba wuya. Ka ce wa mai shago ku fito waje inda sama take a buɗe, ba a haɗa agogon da kowace waya ba, a danna wajen gudu. Na gaske zai nuna yana neman tauraro, ya ɗan jima, sannan ya nuna alamar ya kama. Ku taka zuwa bakin titi ku dawo, ka ga ko mitocin suna hawa. Wanda ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, ka yi masa sallama.

In an tsallake wannan, sai a dubi hannun yaron. Tsintsiyar hannun ɗan shekara 13 siririya ce, kuma koren hasken nan da ke bayan agogo, mai auna bugun zuciya, ba ya aiki daidai sai agogon ya kwanta lif a kan fata. In yana lilo, lambobin banza zai riƙa ba shi. Saboda haka ka tafi da yaron ya ɗaura, ya girgiza hannu, a gani. Ka kuma zaɓi mai maɓallai a gefe. Fuskar da ake shafawa da yatsa tana da kyan gani a shago, amma in zufa ta jiƙa yatsu a watan Afrilu, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashin, yaro zai yi ta shafa yana ɓata lokaci. Ka duba bayansa a ga an rubuta 5 ATM, wanda ke nufin ruwan alwala da ruwan sama ba za su yi masa komai ba.

In ka ce in ambaci suna, ni Garmin Forerunner 55 nake fara nuna wa iyaye. Ya fito a 2021 a kan dala 200, mara nauyi ne, maɓallai biyar gare shi, batirinsa yana kai awa 20 ana gudu da GPS, ko kusan mako biyu in agogo kawai ake yi da shi. Da irin wutarmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Coros Pace 3 na 2023 shi ma ya dace, nauyinsa wajen giram 30 ne da maɗaurin yadi, batirinsa ma ya fi daɗewa. Duk abin da ya wuce waɗannan, irin masu taswirar duwatsu, kuɗinka kawai zai ci.

Sai dai akwai maganar da ta fi zaɓen agogo nauyi a wurina. Ɗanka ɗan fili ne. Layin farko na filin tsere, kamar na filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mita 400 ne cif, an riga an auna. Mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu. A irin wannan wuri GPS ba ya gaya wa yaro abin da fentin ƙasa bai gaya masa ba, hasali ma yakan yi kuskuren 'yan mitoci a kan kwana, shi ya sa waɗannan agoguna biyu suke da tsari na musamman don gudun fili. Amfanin GPS yana fitowa ne ranar da aka fita dogon gudu a titi. In har atisayensa duk a fili yake, agogon awon lokaci mai maɓallin ƙirga zagaye ya ishe shi bana, ragowar kuɗin a sa a takalmi mai kyau da ƙwai da madara.

In kuma ka saya, ina roƙonka da girman Allah kada agogon ya zama bulala. Na taɓa tsayawa a gefen fili na ga wani yaro ya gama zagaye, yana haki, ko ruwa bai kurɓa ba ya duƙa yana duba hannu, fuskarsa ta faɗi saboda daƙiƙa biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Shawarwarin da agogon ke bayarwa, ƙara gudu yau, huta awa kaza, an gina su ne a kan jikin manya. Zuciyar yaro takan haura bugu 200 a minti in ya ƙure gudu, kuma ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Koci ne zai faɗi yawan gudun mako, lambobin kuma shi za a kai wa ya duba. Ranar da yaro ya ce gwiwa ko dunduniya tana ciwo, a huta, ko me agogo ya rubuta.

Tambaya: 'Yata tana fita atisaye bayan sallar asuba tare da ƙawayenta. Ina son agogon da zan riƙa ganin inda take a wayata. Na gudu zai yi? Daga wata uwa a Fagge.

Amsa: Hajiya, shi kaɗai ba zai yi ba. Agogon gudu karɓar saƙo yake yi daga sama, ba ya aikawa. Ya san inda take, amma ba shi da bakin gaya miki, sai in tana ɗauke da waya mai data wadda aka haɗa da shi. Masu nuna wa iyaye wurin yaro wani iri ne daban, ana sa musu layi, suna cin data, cajinsu kuma ba ya jimawa, sannan ba su da kirki wajen awon gudu. In tsaro ne damuwarki, yayanta ko kawunta ya riƙa raka su, ya fi kowace na'ura.

Ki kuma kula da wannan. Manhajar da ake haɗa agogon da ita tana zana taswirar duk inda aka bi, daga ƙofar gida har dawowa, da lokacin fita. A 2018 taswirar da Strava, wata manhajar masu gudu, ta wallafa ta tona wuraren sansanonin sojoji a ƙasashe daban-daban, saboda sojojin suna gudu da agogunansu. To ina ga yarinya mai bin hanya ɗaya kullum da duku-duku? Ki buɗe asusun a wayarki, ki kulle shi kada baƙo ya gani, kuma ki ce mata kada ta danna fara sai ta isa fili.

Tambaya: Na hannu fa, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, a saya? Daga wani malamin motsa jiki a Gwale.

Amsa: A saya, Malam, in an samu mai lafiya. Batir shi ke fara gajiya, don haka a cika shi, a bar shi da GPS a kunne awa ɗaya a tsakar gida, a ga nawa ya sauka. A tabbatar an haɗa da igiyar cajinsa, domin kowane kamfani da irin bakinsa, ta waya ba ta shiga. Sannan mai shi na da ya cire shi daga asusunsa, a goge komai kafin a ɗaura wa yaro.