Ɗori ya matse hannun ɗana, in kwance ko in jira kwana bakwai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya dafa ƙasa da hannun hagu, nan take gwiwar hannun ta kumbura. Kakarsa ta sa aka kai shi wurin mai ɗori, ya ja hannun, ya jera kara, ya naɗe da tsumma tamau, ya ce kada a kwance sai bayan kwana bakwai. Tun daren jiya yaron bai runtsa ba. Yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ko taɓa su aka yi sai ya ƙwalla ƙara. Mun koma, mai ɗorin ya ce ƙashi ne ke kamawa. Babansa kuma tsoron asibiti yake yi, wai yanke hannu suke yi. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi? Daga wata uwa a Malumfashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya ba shi lafiya. Abin da na tura miki a gurguje tun daren da saƙonki ya iso, shi ne dai har yanzu: a kwance ɗaurin nan gaba ɗaya har fata ta bayyana, a tallafe hannun da filo daidai ƙirjinsa, a nufi asibitin da ake tiyata ba tare da jiran gari ya waye ba. Yanzu bari in warware miki dalili a tsanake, don iyaye da yawa za su tsinci kansu inda kike.

Ƙashi ba ya kamawa da irin wannan kuka. Karayar da aka tallafe daidai, zafinta lafawa yake yi, har yaro ya samu barci. Ƙashi abu ne mai rai, da jininsa da ɓargonsa. Idan ya karye, jini ne ke fara taruwa a wurin ya daskare. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya dunƙule bakunan biyu, a hankali ya taurare ya koma ƙashi. A babba wannan kan ci mako 6 zuwa 12, yaro kuwa ya fi haka sauri. Duk wannan aikin jiki ne da ikon Allah. Ni da mai ɗori, iyakarmu mu daidaita bakin ƙashin mu hana shi motsi. Kuma ƙashi yana da haƙuri, jinkirin kwana ɗaya ko biyu ba ya hana shi haɗewa.

Tsoka ce ba ta da haƙuri, a nan kuma hatsarin yake. Ki damƙe hannunki na dama, ki taɓa sangalin da ɗaya hannun, tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Kin ji wurin ya taurare? Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu a nan suke zaune. A lulluɓe suke cikin wani tantani mai ƙarfi da ba ya miƙewa, irin farin tantanin nan da kike gani a cinyar rago ranar layya, wanda sai wuƙa mai kaifi ke raba shi da nama. Bayan karaya, kumburi kan ci gaba da ƙaruwa har kwana biyu zuwa uku. Mai ɗori ya ɗaure ne ranar farko daidai kaurin hannun a lokacin. Hannu na ta ƙara cika, kara da tsumma ba su san sassauci ba. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya su ke fara lotsewa, jini ya shiga ya rasa mafita, kumburi ya ƙaru, har ƙananan hanyoyin da ke shayar da tsokar su toshe. Tsokar da ta yi kamar awa 6 babu jini ta fara mutuwa, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Tabo ne ke maye gurbinta, ya tsuke, ya janyo yatsu su ƙanƙame kamar ƙafar kaza har ƙarshen rayuwa. Wani likitan tiyata Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan nakasa tun 1881, kuma abin da ya ɗora wa laifin shi ne ɗaurin da ya matse.

Wurin da ɗanki ya ji ciwo ma abin lura ne. Yaron da ya faɗo ya dafa ƙasa gwiwar hannunsa ta kumbura, yawanci ƙashin damtse ne ke karyewa daf da saman gwiwar, karayar da aka fi gani a 'yan shekara 5 zuwa 7. Babbar jijiyar jinin hannu ta gaban wurin take wucewa, tare da jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu. Tsinin ƙashin na iya danne su, jan hannun da ka kuma na iya ƙara cusa su ciki. Babu mai iya ganin yadda ƙashin ya goce da ido ko da laluba, sai an ɗauki hoto.

Fata ita ke kawo rahoto, amma mu masu duhun fata bai kamata mu jira ta canza launi ba. Farce za ki duba. Ki danna farcen yatsarsa har ya yi fari, ki saki. Idan jini na gudana, ja zai dawo kafin ki ƙirga biyu. Ki gwada a lafiyayyen hannun don ki ga bambanci. Idan yarinya ce mai lalle, a danna tsokar kan yatsa. Alamar da ta fi duka nauyi a wurina kuwa ita ce wadda kika faɗa da kanki: a miƙar masa da yatsu a hankali ya ƙwalla ƙara. Kada bugun jijiya a wuyan hannu ya ruɗi kowa, yana iya kasancewa nan alhali tsoka na shaƙewa.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, an kawo mana ita kwana biyar da ɗori. Mahaifinta ya ce a kwana na uku ta daina kuka, suka yi hamdala. Da muka warware tsumman, ga sawun kara a jere a fatar, kowane layi da bororonsa, wasu sun fashe sun yi baƙi. Na soka mata allura a kan yatsa, tana kallona kawai. Shirun da suka ɗauka sauƙi ne, ashe jijiyar ce ta daina kai saƙo.

Wannan ya kawo mu ga tsoron maigidanki, kuma ban raina shi ba, don ya ga waɗanda suka shiga asibiti da hannu suka fito babu. Abin da bai gani ba shi ne yadda hannun yake ranar da aka kawo shi. Naman da ya riga ya ruɓe ake yankewa, don kada gubar ta shiga jini a rasa yaron ɗungurungum. Wanda aka kawo da wuri, hoto za a ɗauka. Idan ƙashin bai goce ba, rabin siminti ake sa masa ta baya, a bar gaba a sake saboda kumburi ya sami wurin zuwa. Idan ya goce, a yi masa allurar barci a daidaita, a riƙe da siraran ƙarafa kamar tsinke guda biyu ko uku, a zare su bayan mako 3 zuwa 4. Idan tsoka ta riga ta shaƙe, a tsaga tantanin nan ta sha iska, a rufe bayan 'yan kwanaki. Ku fara da babban asibiti mafi kusa, in ya fi ƙarfinsu su tura ku Katsina, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 wannan ne aikinsa.

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Sana'ar gado ce, suna kusa da jama'a, ba sa tsawwala kuɗi, kuma karaya da yawa sun warke a hannunsu. Na san wasu a cikinsu da ke cewa a fara kawo hoto, suna kuma ƙin taɓa karayar gaɓa ko wadda ƙashi ya huda fata. Amma duk wanda ya ce kada a kwance ɗauri alhali yatsu sun yi sanyi, ya yi kuskure ko ɗan gidan wane ne.

Kafin ku isa, kada a murza hannun, kada a gasa da ruwan zafi, kada a yi tsaga ko ƙaho. Kada a ɗaga shi sama da kai, don hakan na ƙara rage jinin da ke isa. Farasitamol daidai shekarunsa ya isa, banda tiramadol. A dakata da ba shi abinci, ko da za a shiga tiyata. Idan akwai rauni a fata kusa da karayar, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tuna wa ma'aikata allurar tetanas. In yana da sikila, a faɗa tun a bakin ƙofa.

Batun kakarsa kuma, kada ki tsaya musu da surukarki, ba za ki ci riba ba. Ki kira babansa gefe, ki sa shi ya danna farcen da hannunsa, na dama da na hagu, shi zai san yadda zai shaida wa Hajiya. Ko bayan an sa simintin asibiti ku ci gaba da wannan gwaji safe da yamma na kwana uku, yana motsa yatsunsa, in alamun nan suka dawo ku koma a take. Ranar da aka cire, gwiwar za ta yi tauri na wasu makonni. Kada a ba shi bokitin ruwa ya ɗauka don ta miƙe, ku bar shi ya koma wasa da sa'anninsa, ita da kanta za ta saki.