Ku Tambayi Malam: Ciyawa ɗaya, baki da yawa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce. A darasin kimiyyar halittu an koya mana cewa dabbobi da tsirrai na gasa da juna. To amma na kalli shirin namun daji, ga jakin dawa ga barewa suna kiwo wuri guda, ba mai harar wani. Ina gasar take?

Amsa: 'Yata, kina neman ta ne inda ake kokawa, alhali yawancinta a shiru ake yi. Tsaya gindin babbar bishiya mai duhuwa ki dubi ƙasa. Ciyawar wurin tsilli-tsilli ce, ta yi fari-fari, ta miƙe siririya tana neman rana. Ba wanda ya doke ta. Sama an tare mata haske, ƙasa saiwa ta riga ta shan ruwa.

A 1934 wani masani ɗan Rasha mai suna Gause ya gwada abin a ɗakin bincike. Ya ɗauki wasu ƙananan halittun ruwa iri biyu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da ya raba su, kowanne ya hayayyafa. Da ya haɗa su kan abinci ɗaya, cikin 'yan makonni ɗayan ya ƙare, ba tare da an cinye shi ba. An dai riga shi ga abinci ne kullum. Daga nan masana suka ce jinsi biyu masu buƙata iri ɗaya sak ba sa daɗewa tare: ko ɗaya ya ɓace, ko su raba hanya.

Abin da kika gani raba hanyar ne. A dajin Serengeti na Tanzaniya, jakin dawa ke fara shiga, ya cinye doguwar ciyawa mai kaushi. Wani gwanki da ake kira wildebis ya biyo ya ci ganyen da aka tone masa, sannan barewa ta zo ta tsinci sabon toho. Raƙumin dawa kuwa can sama yake harkarsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ban ce ba a faɗa ba. Zaki da kura sukan ƙwace wa juna nama, zaki ma yakan kashe kura ya bar ta nan bai ci ba. Masu shirya fim sun fi son wannan, ni kuwa labarin kuregen Ingila ya fi tsaya mini a rai. A 1876 aka kai kurege mai ruwan toka can daga Amurka. Ya fi jan kuregen ƙasar girma, ya fi shi iya cin 'ya'yan itatuwan daji, ga wata cuta da yake ɗauke da ita wadda ba ta cika kayar da shi ba amma tana kashe ja. Yau mai son ganin jan kurege a Birtaniya, galibi sai ya nufi Sukotlan.