Tambaya da Amsa: 'Yar tsanar da za ta jure hannun yaro

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga ƙungiyoyin aikin hannu suka fito, musamman masu ɗinka 'yan tsana. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mu goma sha ɗaya ne muke haɗuwa kowace Asabar, muna ɗinka 'yan tsana da ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Matsalarmu ita ce, da mun gama sai kan ya langaɓe, jikin ya yi gudaji-gudaji, hammata kuma ta ɓarke tun yaro bai yi mako guda da ita ba. Fuskar kuwa duk yadda muka yi sai ta fito kamar ta tsohuwa. Ina gyaran yake?
— Sakatariyar wata ƙungiyar mata

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duk abin da kika lissafa yana da magani, kuma rabinsa tun kafin allura ta taɓa yadi ake yinsa. Ɗauki ƙyallen ki ja shi ta tsawo, ki ja shi ta faɗi, sannan ki ja shi a karkace. Za ki ji ta tsawo ba ya miƙewa, ta faɗi yana ɗan bayarwa, a karkace kuwa yana tafiya sosai. Idan kuka yanka ƙafa ɗaya ta tsawo, ɗayar a karkace, to bayan an cusa auduga ɗaya za ta fi ɗaya kauri, komai kyan ɗinkinku. Ku shimfiɗa dukkan sassan jikin ta fuska ɗaya, tsawon 'yar tsanar ya bi tsawon yadin. Na san da ƙyallen tela abin yana da wuya, domin mutum yana so ya ci moriyar kowane lungu, amma gara a bar guntun ya zama ɗankwalin 'yar tsana da a yi ƙafa da shi a karkace.

Abu na biyu, ku daina yankawa kafin ku ɗinka. Ki ninka yadin biyu, fuska da fuska, ki ɗora kwalin da kuka fitar da siffar a kai, ki zagaye shi da fensir, ki bi layin fensirin da keke, sannan ki kawo almakashi. Ƙananan hannuwa sun fi sauƙin bi a haka, kuma keke ba ya cinye bakin yadin. Ki rage takun keken ya dawo milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Dogon taku na ɗinkin riga shi ne yake buɗewa in auduga ta matsa shi. A hammata, da tsakanin ƙafafu, da wuya, ki sake bin ɗinkin karo na biyu. In da hannu kuke yi, ku yi ɗinkin da allura ke komawa baya a kowane taku, da zare ninki biyu. Wajen yanka ki bar kamar milimita biyar a bayan ɗinki, kuma duk inda layin ya lanƙwasa ciki, irin hammata da gefen wuya, ki ɗan tsattsaga bakin yadin da tsinin almakashi har kusa da zaren, ba tare da kin taɓa shi ba. Rashin wannan tsagar ne ke sa hammata ta tattare idan an juya, kuma inda ya tattare nan yake fara ɓarkewa.

Gudaji kuwa gaggawa ce ke kawo shi. A ƙungiyarmu akwai wata dattijuwa da nake so in zauna kusa da ita in tana cusa auduga. Takan tsinko ɗan kaɗan, bai fi kan babban yatsa ba, ta wargaza shi tsakanin yatsunta har ya yi laushi, ta tura shi da gindin fensir har ƙarshen ƙafa, ta murza ƙafar tsakanin tafukanta, sannan ta tsinko wani. Ƙafa ɗaya takan ɗauke ta lokacin da wata za ta gama jiki gaba ɗaya, amma in ka shafa tata ba ka jin inda wannan ɗuri ya ƙare wancan ya fara. Audugar roba irin ta filo ta fi dacewa da abin da za a riƙa wankewa, domin tana bushewa da wuri. Audugar gona tana dunƙulewa in ta sha ruwa, ta rimi kuma ba ta da nauyi amma tana kama wuta da sauri. Yankakkun ƙyallaye ma suna yi, in an yanka su ƙanana sosai, sai dai 'yar tsanar za ta yi nauyi. Wannan ba sabon abu ba ne: a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai 'yar tsanar ƙyalle da aka samo a Masar tun zamanin Rumawa, cike da tsummoki da ganyen takardar papiras.

Wuya shi ne inda ya kamata ya fi ko'ina tauri. Ki naɗe wani ƙyalle tamau har ya kai kaurin yatsa biyu, ki ɗaure shi da zare, ki tsayar da shi rabi a cikin kai rabi a cikin ƙirji, ki kewaye shi da auduga ta kowane gefe. Kada wata ta sa itace ko waya, ko da an ce mata yana tsayar da kai da kyau. Yaro zai kwanta a kanta.

Saura fuska. Kuna sa idanun ne can sama kusa da gashi, kuma kuna matse su. Dubi fuskar jariri: goshinsa babba ne, idanunsa suna tsakiyar kai ko ma ƙasa kaɗan, da tazara mai faɗi tsakaninsu, baki kuma ƙarami ne kusa da hanci. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin bakwai ko takwas. Ku ƙara girman kan, ku sauko da idanun, ku rage bakin. Kafin ku yi surfani, ku kafa fil uku a inda idanu da baki za su zauna, ku ajiye ta nesa ku duba, ku matsa su har fuskar ta yi muku. Masu bin tsarin makarantun Waldorf, wanda aka fara a birnin Stuttgart na Jamus a 1919, ɗigo biyu da ɗan layi kawai suke yi, don yaro ya iya ganin 'yar tsanarsa tana dariya yau, gobe tana kuka. Ni ma ra'ayina ke nan. Fuskar da aka cika wa gira da gashin ido da haƙora ta fi burge manya a teburin baje koli, amma wadda aka bari a sauƙaƙe ita yaro yake rungumewa.

Tambaya: Mama, barka da aiki. Muna so mu kai 'yan tsana talatin gidan marayu da ɓangaren yara na asibiti. Mun sa musu idanun maɓalli da sarƙar duwatsu, sun yi kyau ƙwarai. Wata a cikinmu ta ce a cire, har an yi musu. Wa ke da gaskiya?
— Wata mai karatu

Amsa: 'Yata, wadda ta ce a cire ita ke da gaskiya, kuma ku gode mata. Na san ciwon warware aikin da aka gama, amma ba ku san hannun da kowace 'yar tsana za ta faɗa ba. Yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kai shi. A Amurka da ƙasashen Turai, masu binciken kayan wasa suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba a yarda a sa shi a kayan wasan ƙananan yara ba, domin zai iya toshe maƙogwaro. Maɓalli da dutsen ado duk suna shigewa. A ƙa'idar Turai ta lafiyar kayan wasa, wato EN 71, har jan irin waɗannan abubuwa ake yi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 9, a ga ko za su ɓalle. Zarenku na hannu ba zai jure wannan ba, balle bayan an wanke sau da yawa.

Ku yi idanun da zaren surfani. Gashin ulu ku ɗinke shi layi-layi a kan kai, ba a manna shi da gam, sannan kowace ta kama shi ta ja da ƙarfinta. Abin da ya biyo hannunki zai biyo hannun yaro. Kada ku bar doguwar igiya ko ribon da zai iya zagaye wuya. Kada ku cusa yashi ko ƙwayoyin roba don ƙara nauyi. Rigar ku ɗinke ta a jiki, ko ku yi ta yadda za a zura ta ba maɓalli ba ƙugiya. Sai abin da nake nanatawa a kowane zama: a ƙirga allurai da fil kafin a fara aiki, a ƙirga bayan an gama, kuma a matse kowace 'yar tsana daga kai har ƙafa kafin ta shiga jaka.

Asibiti kuwa ku fara tambayar ma'aikatan jinya kafin ku ɗauko kaya. Akwai ɗakunan da ba a shiga da abin ƙyalle saboda ƙwayoyin cuta. Wasu asibitocin kuma sun fi son farar 'yar tsana wadda ba fuska ba riga: yaro ya zana mata fuska da kansa, likita ya nuna masa a jikinta inda za a yi allura ko a ɗaura bandeji, tsoron ya ragu. In suka ce irin wannan suke so, ita ce ma ta fi sauƙin ɗinki.

Tambaya: Anti, mun fara mu ashirin, yanzu da ƙyar muke kai bakwai. Waɗanda suka iya suna cewa sababbi na ɓata kaya, sababbin kuma suna cewa ba a ba su komai sai cusa auduga. Ya za mu yi?
— Shugabar wata ƙungiya

Amsa: Ƙanwata, amsar tana bakin sababbin naku. Wadda ta baro aikin gidanta ta zo, aka miƙa mata auduga mako bayan mako, me za ta koma gida ta nuna? Raba aiki, wannan ta yanka waccan ta ɗinka, yana da amfani idan kuna da 'yan tsana masu yawa da za ku kai wani wuri a ƙayyadadden lokaci. Amma kafin a kai nan, kowace sabuwa ta yi tata guda ɗaya da hannunta, daga zanen fensir har ɗinkin baki, ta tafi da ita gida ko da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ku ware mata kwalin ƙyallayen koyo don kada a yi mata gorin ɓata yadi. Kowa da farkonsa: ko Käthe Kruse, Bajamushiyar da har yau ake yin 'yan tsana da sunanta, da tawul da yashi ta haɗa ta farko wa 'yarta a 1905, kuma sai a 1910 aka fara baje aikinta a Berlin.

Rabin awar farko ta kowane zama ku ba wa abu ɗaya tak: yau ɓoyayyen ɗinkin rufe inda aka cusa auduga, mako mai zuwa kitson ulu, na gaba saƙar hular kwarashi. Kuma kada ya zama mutum ɗaya ce ke koyarwa kullum. Za ki yi mamakin abin da mai shiru-shiru ta iya in aka ce yau ranarta ce. Ƙwararrun su bar zama gefe guda, kowace ta zauna kusa da sabuwa.

Kuɗi ma yana watsa ƙungiya fiye da yadda ake faɗa. Duk abin da aka tara da abin da aka saya a rubuta shi a littafi, a karanta a gaban kowa. In za ku sayar, ku yanke kason mai ɗinki da kason ƙungiya tun kafin mai saye ya zo. Waɗanda suka daina zuwa kuma ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ji dalili. Wata lokacin zaman ne bai yi mata ba, wata kuma magana ce aka faɗa mata ta haɗiye.

Tambaya: Mama, 'yata ta ce ba ta son wadda na ɗinka mata da yadi mai ruwan ƙasa, wai fara ta fi kyau. Abin ya dame ni.
— Wata uwa

Amsa: Ya kamata ya dame ki, 'yata. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙen fata 'yan tsana farare da baƙaƙe suna tambayarsu wacce ce mai kyau, yawancinsu suka nuna farar. Har Kotun Ƙolin ƙasar ta ambaci aikin Clark a hukuncin 1954 da ya soke raba makarantu bisa launin fata. Yaro yana koyon abin da ake kira kyau daga abin da yake gani an ƙawata.

Kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki ƙwace farar in tana da ita. Ki zaunar da ita ku sake wata tare. Ita za ta zaɓi yadin rigar, ita za ta faɗi irin gashin, ki yi mata irin wanda ke kanta, ita za ta raɗa mata suna. Ki nemi yadi mai ruwan ƙasa mai haske a ido, ki wanke shi kafin yanka don kada ya zuba a kan riga. A kan yadi mai duhu baƙin zare yana ɓacewa, shi ya sa fuskar kan fito ba rai, kuma mai yiwuwa abin da yarinyar ta gani ke nan. Ki fara yin farin ido da farin zare, ki ɗora baƙin a tsakiya, ki ƙara ɗigon fari guda a gefen sama na kowane ido, gefe ɗaya a duka biyun. Bakin ki yi shi da zare ja mai duhu, taku uku ko huɗu sun isa.